Yadda Cindo Direba Ya Koyi Jiran Haɗiya

A tashar Gagarawa idan aka ce Cindo, babu mai tambayar wane Cindo. Sunansa na yanka Habibullah, amma da yatsu shida aka haife shi a hannun hagu. Wanzami ya cire ɗan ƙaramin tun yana jariri, sunan kuwa ya zauna daram. Da karen mota ya fara tun yana saurayi, ya zo ya riƙe sitiyari, har gemunsa ya yi fari yana jigilar mutane tsakanin Gagarawa da Gumel. Ran Alhamis kuma ya kwashi 'yan kasuwa da awakinsu da buhunan riɗinsu ya wuce Maigatari.

Mutum ne mai gaggawa, kowa ya san shi da haka. A tsaye yake cin abinci. Idan kansa ya sara, sai ya ɓallo ƙwaya ya jefa baki ya haɗiye ba ko ruwa, ɗaya hannun yana yafuto fasinja. Bai taɓa yin haɗari ba, amma tsofaffi sukan yi ta salati a kujerar baya tun daga tashi har sauka.

Matarsa Yelwa 'yar Ɗanzomo ce. A motarsa ya fara ganinta, ta shigo da ƙwaryar man shanu a cinya, ta ce masa in ya fasa mata ƙwarya da wannan gudu nasa, sai ya je gaban babanta ya yi bayani. Ya kuwa je gaban baban nata, amma da wani bayanin daban. Tun daga nan ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Direba. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma bakinta ba ya hutawa. Tana suya tana labari, tana matsa tana dariya, har maƙwabta kan ce in ba a ji muryar Yelwa ba, to ta tafi unguwa. 'Ya'yansu biyu ne suka rayu. Nasrullahi yana can Fatakwal yana sayar da albasa, Muhsina kuma tana aure a Sule Tankarkar.

An daɗe da gaya wa Yelwa tana da hawan jini. Takan sha magani in kai ya matsa mata, in ya sake ta ta ajiye. Wata safiya bayan kaka, tana tsakar matsar mai, muciya ta suɓuce daga hannunta, ita ma ta bi ta ƙasa. Da aka aika tasha, Cindo ya sauke fasinjojin da ya fara lodi, ya zo ya tarar da bakinta ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki. Shi ya ɗauke ta ya kwantar a kujerar baya ya kama hanyar Gumel.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. An sa mata roba ta hanci, ta nan ake ba ta abinci da magani. Muhsina ce ta yi jinya, da tsohon cikinta, domin ɗakin mata ne, namiji sai dai ya leƙo lokacin ziyara ya fita. Cindo a ƙarƙashin darbejiyar bakin asibiti yake wuni. Saboda haka duk abin da aka koya, Muhsina aka koya wa. Da Yelwa ta fara haɗiyar kunu aka cire robar, aka sallame su da leda cike da magani.

Ba su daɗe da komawa gida ba naƙuda ta fara yi wa Muhsina sallama, mijinta ya zo ya tafi da ita. Tana ɗaura mayafi tana nuna wa mahaifinta.

"Baba, wannan da safe, wannan da yamma. A zaune za ka ba ta, kuma a hankali."

"To," in ji shi. Ba da magani ne kawai, me ya fi wannan sauƙi?

Yayarsa Kyauta, tsohuwa mai ƙarfin hali da ke zaune a bayan masallacin unguwar, ta ɗauki wanka da girki, maƙwabta suna taya ta. Magani kuwa Cindo ya ce nasa ne. Ya jingine mota a ƙofar gida ya lulluɓe ta da tamfal.

Safiyar farko ya ɗago Yelwa ya jingina ta da bango, ya sa mata ƙwaya a harshe, ya kai mata moɗa baki. Ta kurɓa. Sai ga tari ya turnuƙe ta, irin tarin da ba ya fita gaba ɗaya, ruwa yana dawowa ta hanci, idanunta sun firfito suna kallonsa. Ya rasa abin yi. Ya bubbuga mata baya, yana kiran sunanta, yana kiran sunan Allah. Da ƙyar numfashi ya dawo, ƙwayar kuma ta faɗo kan zane, rabinta ya narke.

Ya zauna a ƙasa, gumi yana tsattsafo masa. Shi da ya sha ganin taya ta fashe ana gudu bai razana ba, ga shi yau ya razana a kan ƙwayar da ba ta kai ƙwayar masara ba.

Da yamma ya sake gwadawa. Wannan karon ba ta yi tari sosai ba, ya yi hamdala. Washegari ma haka. Sai ran nan Kyauta tana goge mata baki da tsumma ta tsaya cak.

"Cindo, zo ka gani."

A cikin kumatun dama, gefen da ya mutu, ga ƙwayoyi nan sun taru sun yi laushi, har wurin ya yi ja. Ashe ba haɗiyewa take yi ba. Suna gangarawa can ne su maƙale, ita kuma ba ta jin su.

"Ke nan duk kwanakin nan ba ta sha magani ba?" ya ce.

"Ga shi kuwa kana gani."

Ya tuna abin da likita ya faɗa ranar sallama, cewa in jinin ya sake hawa, na biyun ya fi na farkon muni. In ya ba ta, ta sarƙe. In bai ba ta ba, ciwo ya dawo. Duk inda ya juya rami ne.

Kyauta ta ce, "Kai dai ba ka yi goyo ba shi ya sa. Yaro in ya ƙi magani yaya ake yi? Ka niƙe su duka, ka jiƙa a ruwa, mu kwantar da ita mu ɗura mata."

"Yaya, ɗura kam a'a. Na ga yadda ruwa ya yi mata a zaune, ina ga a kwance."

"To ka niƙe ka zuba a kunu."

Wannan ya shige shi. Da safe ya ɗauko cokula biyu ya murƙushe ƙwayoyin a tsakaninsu. Farare biyun suka zama gari nan da nan. Ta ukun, wata 'yar kewayayya mai santsi, launinta kamar jan goro, ta ƙi. Sai da ya sa ta a takarda ya danne da gindin kwalba kafin ta fashe. Ya haɗe garin duka ya juya a kunun gyaɗa, ya ba ta da cokali. Ta yamutsa fuska don ɗaci, amma ta shanye, ba tari ko ɗaya. Cindo ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Har ya fita ya yaye tamfal yana duba man mota, yana tunanin ko jibi zai iya komawa tasha.

Bai gama goge gilashi ba ya ji ihun Kyauta.

Ya tarar da Yelwa ta zame daga jikin bango. Fuskarta ta yi jawur, gumi ya jiƙe mata wuya, ƙirjinta yana bugawa kamar ana daka. Ya kira ta, idanun suka juyo a hankali suka koma sama. Bai tsaya neman takalmi ba. Suka kinkime ta shi da wani maƙwabci, Kyauta ta shiga baya ta riƙe kanta a cinya. Har ya tayar da mota ya sake fitowa da gudu ya ɗauko ledar magani, bai ma san abin da ya sa ba.

Hanyar da ya bi shekara da shekaru ta zama masa baƙuwa. Kowane rami sai ya ji shi a ƙirjinsa. Yana tuƙi yana kallon madubi.

"Yaya, tana numfashi?"

"Tana yi. Ka dubi gabanka."

"Ki kira ta."

"Ina kira. Ka dubi gabanka na ce!"

A asibiti wata nas ta tare su, mace mai ƙiba da tabarau, ana ce mata Sista Jane. 'Yar wajen Kafanchan ce, aiki ya kawo ta Gumel tun tana budurwa, har Hausarta ta koma ta Gumel. Ta ɗaura abin awo a hannun Yelwa, ta duba, ta sake dubawa, ta aika a kira likita. Aka ɗaga ƙafafun Yelwa, aka sa mata ƙarin ruwa.

"Baba, jininta ba hawa ya yi ba, sauka ya yi sosai. Me ta sha yau?"

Ya miƙa mata ledar.

"Sau nawa ka ba ta wannan?" Ta ɗaga katin jajayen.

"Ɗaya tak, wallahi. Sai dai na niƙe ta, don ba ta iya haɗiyewa."

Sista Jane ta sauke tabarau ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wannan ba a niƙa ta, Baba. An yi ta ne ta riƙa narkewa kaɗan-kaɗan a ciki, daga safe har dare. Da ka fasa ta, maganin wuni guda ya afka mata lokaci ɗaya."

Ya zauna a benci. "Ke nan ni na yi mata?"

"Ba ka sani ba ne. Kuma ka kawo ta da wuri, ka kawo ledar. Ka bar mu mu yi aiki."

Ya wuni a ƙarƙashin darbejiyar nan bai sa komai a baki ba. Duk wanda ya fito daga ɗakin sai ya miƙe. Ya ɗauko waya zai kira Nasrullahi, ya rasa abin da zai ce masa, ya mayar aljihu. Sai bayan la'asar Kyauta ta fito ta ce Yelwa ta buɗe ido, har ta motsa baki tana neman Direba.

Kafin a sake sallamarsu, Sista Jane ta nemi izini aka shigo da shi ɗakin, aka ja labule. Ta ce tunda shi ne mai ba da magani, shi za a koya wa. Ta riga ta kai ledar wurin likita da mai harhaɗa magani. An canja jar ƙwayar da wata da ake iya niƙawa, ɗaya kuma an samo na ruwa.

"Na ruwan ma ya cika tsinkewa," in ji ta. "Shi ma a ɗan kunu za ka sa, an tabbatar min ba ya ɓaci. Amma daga yau, ko wane ne ya ba ka sabon magani, ko a kemis ne, kafin ka niƙa ka tambaya. Ka ce mara lafiyarka ba ta iya haɗiya. Kar ka ji kunya."

Ta sa aka kawo ruwa a kofi da kunu a wani kofin. Ta ta da Yelwa zaune tsam, ta cusa mata matashi a baya da gefen da ya saki. Ta ba ta ɗan ruwa a bakin cokali. Yelwa ta ƙware nan take.

"Ka gani? Ruwa gudu gare shi. Kafin maƙogwaronta ya rufe hanyar iska, ya riga ya wuce. In ya sauka huhu, shi ne ke kawo limoniya."

Sai ta ɗebo kunu ta karkata cokalin. Kunun ya tsaya, sannan ya zubo a hankali kamar zuma.

"Irin wannan kaurin. Zo ka karɓa."

Ya karɓi cokali ya ciko shi.

"Rage. Rabi."

Ya rage. Ya kai bakin Yelwa yana tsaye a kanta, ta ɗaga kai sama don ta karɓa.

"Zauna, Baba. In kana tsaye za ta ɗaga haɓa, hanyar iska ta buɗe. Ka zauna daidai da ita, ta ɗan sunkuyar da kai. Ka sa ta gefen da ke da rai."

Ya zauna, ya sa. Hannunsa ya koma kofi da kansa zai ɗebo na biyu. Sista Jane ta riƙe masa wuyan hannu.

"Ina za ka? Dubi wuyanta tukuna."

Ya duba. Shiru. Kunun yana cikin bakinta, tana juya shi, tana juya shi. Ya ji kamar shekara. Can sai ƙashin maƙogwaron ya hau ya sauka.

"Yanzu ta haɗiye. Mama, ce aa."

"Aa," in ji Yelwa, murya a dishe amma a bushe.

"In ka ji muryar ta jiƙe, kamar mai kurkurar baki, ka tsaya, saura yana nan. Kowane magani ka niƙa shi daban, ka sa a cokali ɗaya na kunu, kada ka zuba a kofi duka, don in ta gaza shanyewa ba ka san nawa ta sha ba. In kun gama ka leƙa kumatun. Kuma kar ta kwanta nan da nan, ta ɗan jima a zaune. Ranar da ka ga zazzaɓi da tari, ko numfashi yana sauri, kar ka jira gobe."

Haka rayuwar Cindo ta koma. Da safe Kyauta ta dama kunu, shi kuma ya karkata cokali ya gani. In ya tsinke ya ce a ƙara gasara, Kyauta ta yi tsaki ta ƙara. Ya wanke hannu, ya jera matasai, ya jawo 'yar kujerar da Yelwa ke zama a kai in tana suya. Abin da a da yake yi kafin ƙiftawar ido yanzu yakan ci masa rabin hantsi. Idonsa a kan wuyanta. Tari ɗaya in ta yi, sai zuciyarsa ta tsinke, ya ajiye cokali ya kasa kunne a ƙirjinta, ko da bai san abin da yake saurare ba.

'Yan tasha suka zo dubiya, suka tarar da shi da cokali a hannu. Dogo, wanda suka yi karen mota tare, ya ja shi gefe.

"Cindo, wannan ai aikin mata ne. Ka bar wa Yaya Kyauta ka dawo, layinka yana nan."

"Na kusa kashe ta sau ɗaya," in ji Cindo. "Ba zan ba wani ya gwada ba."

Masu dubiya ba sa zuwa hannu sake. Wannan ya kawo jiƙo, wancan ya kawo ƙwayoyin da suka yi wa kawunsa aiki. Cindo ya karɓa ya yi godiya ya ajiye a saman katanga. Da limamin unguwa ya aiko da rubutu, ya daɗe yana kallon kwanon. Ƙinsa ba zai yiwu ba, ba ta shi haka kuma ba zai yiwu ba. Ya je ya durƙusa ya tambaya ko ya halatta a dama kunu da shi. Liman ya yi murmushi ya ce ayar Allah ba ta tsoron gero.

Maganar Yelwa ta fara dawowa, kalma ɗaya, kalma biyu. Da bazara ta shigo, zafi ya sauko kamar an kifa tukunya, kalmar da ta fi faɗa ita ce ruwa. Ana ba ta abin sha mai kauri, zoɓo da aka ɗaure da gasara, kunun tsamiya mai sanyi, yana jiƙa mata leɓe da tsumma mai tsabta. Duk da haka idonta yana kan randa. In wani ya ɗebi ruwa yana sha, sai ta bi moɗar da kallo har a ajiye.

"Direba. Ruwa."

"Ga kunu, Yelwa."

"Ruwa."

Yakan juya baya ya yi kamar yana gyara tabarma. Shi kansa ya daina shan ruwa a gabanta, sai ya fita zaure.

Ranar wata Juma'a ya tafi masallaci. Da ya dawo ya ga gaban rigarta a jiƙe, moɗa kuma a gefen tabarma. Ya dubi Kyauta.

"Yaya, me aka ba ta?"

"Ruwa na ba ta. Ruwa ne fa, ba guba ba. Tana kuka tana roƙona, ni kuma ina da zuciya. Ko dabba ba a hana wa ruwa a wannan zafi."

"Ta yi tari?"

"Kaɗan."

"Yaya, kin san abin da kika yi kuwa?" Bai taɓa ɗaga mata murya ba tun suna yara, sai ranar. Kyauta ta miƙe ta yafa mayafi.

"Na goye ka a bayana, yau ni kake yi wa tsawa? Ga matarka nan."

Yelwa ta daki tabarma da hannun hagu har suka juyo. Ta yi ta kokawa da harshe kafin maganar ta fito.

"Ni. Na roƙa."

Kyauta ta fita duk da haka. Cindo ya wuni yana taɓa goshin Yelwa. Ba zafi. Washegari ma ba zafi, har ya fara cewa a ransa ko Allah ya tsare. Kashegarin wannan da hantsi ya ji jikinta kamar garwashi, numfashi gajere-gajere, tarin kuma ya yi nauyi. Bai ba ta maganin safe ba ma, don ta kasa riƙe kai. Ya leƙa ta katanga ya ce a gaya wa Yaya. Kafin ya fito da mota daga tamfal, ga Kyauta a tsaye da ƙullin kayanta. Ta shiga baya ta karɓi kan Yelwa.

Limoniya ce, kamar yadda aka faɗa. Aka sa mata iska a hanci, ana yi mata allurai ta jijiya. Kwanakin nan su ne mafi tsawo a rayuwar Cindo. Nasrullahi ya taso daga Fatakwal, suka zauna tare a gindin darbejiya, uba da ɗa, ba mai iya kallon wani. Ran da zazzaɓin ya sauka, Kyauta ta fito ta zauna kusa da ƙaninta, ta daɗe tana murza bakin zane.

"Na ga yadda ake zuƙo mata majina da roba," ta ce. "Ban san ruwa yana yin haka ba."

"Ni ma ban san ƙwaya tana yin haka ba, Yaya. Ki yafe min tsawar."

"Allah ya yafe mana."

Yelwa ta tashi, amma ta rame, kuma ƙarfin da ta fara samu ya koma baya. Sai da damina ta kankama sannan ta fara dafa bango tana takawa. Da suka koma ganin likita, Sista Jane ta sake gwada ta. Ƙwaya dai har yanzu ba ta wucewa. Ruwa kuwa, an yarda a riƙa ba ta ɗan kaɗan a cokali, bayan an wanke mata baki tas, tana zaune, wani yana kallo, kuma ba tare da magani ko abinci ba. Da cokalin farko ya wuce lafiya, Yelwa ta rufe ido ta daɗe ba ta buɗe ba.

Muhsina, da tuni ta gama wankan jego, ta dawo gida da jaririnta, mijinta ya yarda ta zauna har iyayen su samu sauƙi. Cindo ya koya mata duk abin da aka koya masa, ko da ita ta riga shi sani. Yana tsaye a kanta yana cewa rage, dakata, dubi wuyanta. Ya yi haka safe da yamma, har ranar da Yelwa ta ture cokalin ta dube shi.

"Direba. Tafi aiki. Ka ishe mu."

Muhsina ta sunkuyar da kai tana ɓoye dariya.

Ya koma tasha, amma Gumel kawai, ya bar wa matasa Maigatari. Ranar farko, suna dab da shiga gari, ya ga rana ta kai lokacin magani. Ya gangara gefen titi ya tsaya ya kira Muhsina. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Shiru. Ya fara duba madubi yana neman inda zai juya, fasinjoji suna tambaya ko mota ce ta lalace. Wata mata mai kaji a kwando ta ce ita fa kasuwa za ta.

Sai wayar ta yi ƙara a hannunsa.

"Baba, ina yi wa yaro wanka ne. Ta sha."

"Daban-daban kika niƙa?"

"Daban-daban."

"Kin leƙa kumatun?"

"Na leƙa, babu komai. Tana zaune, Goggo Kyauta tana yi mata tsifa."

Ya ajiye wayar, ya goge tafin hannunsa a riga, ya ba fasinjoji haƙuri. Har yau haka yake yi, kuma masu shiga motarsa sun saba. In an zo daidai wurin nan, tun kafin ya taka burki mai kaya a cinya yake gyara riƙo.